Dubul-Kilik da Famfon Jiratawa

Duk wanda ya shigo Maradi bai je ya gaida Alhaji Dokta Injiniya Maman Lawali ba, to rana kawai ya zo ya sha ya koma. Garin nan ya samu rabonsa na attajirai masu tireloli, ya samu na gyaɗa da fata, amma da aka tashi rabon ilimin kwamfuta sai aka dunƙule shi wuri guda aka ajiye a wani shago mai shuɗiyar ƙofa a Sabon Gari, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa. Allon sunan shagon ya fi shagon faɗi. Sai da aka ci rabin bangon mai katifa kafin sunayen mai shi suka samu wurin miƙe ƙafa.

Mu 'yan fadar shayin ƙofar shagon mu muka san tarihin kowane suna, don yawancinsu a bakin butarmu aka raɗa su. Alhaji dai gado ne, sunan kakansa aka sa masa, shi kuwa iyakarsa gabas Damagaram. Dokta ya samo asali ne ranar da kwamfutar wani ɗan kasuwa ta sandare, ya zare mata waya, ya yi shiru kamar mai tunani, ya mayar, ta farfaɗo. Muka ɗauki kabbara muka ce Dokta, ranar shi ya sayi sukari. Injiniya kuma ranar da ɓeran kwamfuta ya ƙi motsi, ya busa ƙarƙashinsa ya goge da hannun riga. Ranar har da tsire. Darakta Janar shi ya naɗa kansa, kuma ba wanda ya ja da shi, tun da shi kaɗai ne ma'aikacin kamfanin. Ƙwararren Ƙasa da Ƙasa kuwa ya cancanta, don ya taɓa zuwa Katsina sayen tawada.

Kada a ɗauka mu ma wani abu muka sani. A cikinmu akwai wanda har gobe idan aka aiko masa hoto a waya sai ya kawo wa Alhaji ya buɗe masa. Mai ido ɗaya sarki ne a garin makafi, mu ne makafin, kuma sarautar ta yi mana daɗi, don lambar shiga intanet ɗin shagon kyauta muke samunta. A gabansa muna jera masa sunaye har numfashi ya ƙare. A bayansa Dubul-Kilik muke ce masa, wato danna ɓeran kwamfuta sau biyu, saboda kowace matsala aka kawo, ko ta kwamfuta ko ta aure, sai ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu da yatsa ya ce, "Wanga dubul-kilik ne kawai."

Yana da wata al'ada da muke yabawa ƙwarai. Duk ranar da ya samu sabon suna, kafin ya kira mai fenti ya ƙara a allo, sai ya fara ƙara shi a cikin kwamfutarsa. A kwamfuta akwai abin da ake kira dosiye, wato jakar da ake zuba takardu da hotuna, ana kuma sa jaka cikin jaka. Kafin kwamfuta ta kai ga hoto ɗaya, sai ta bi ta kowace jaka ta ambaci sunanta, kamar mai shiga gidan attajiri, zaure bayan zaure, kowanne da sallamarsa. To zaurukan Alhaji kowanne sunansa ya kai kamu uku. Hotunan ma bai bar su haka ba, duk wanda ya ɗauka sai ya raɗa masa, "Hoton da Alhaji Dokta Injiniya Maman Lawali ya ɗauka da hannunsa," sannan lamba.

"Ku ba ku gane ba," in ji shi, yana gyara zaman tabarau. "Ordinater, wato kwamfuta, kamar baranya ce. In ba ta san girman mai gida ba, raini na shiga. Tawa kullum sai ta kira ni da cikakken suna sau ɗari kahin azahar. Shi ya sa ba ta taɓa yi mani gardama ba."

Muka ce wannan magana ko a jami'a sai an biya kafin a ji ta.

Wata Litinin da hantsi Inna Balki ta sauka daga motar Jiratawa da ƙunshin takardu a bakin zane. Ƙanwar mahaifiyarsa ce, kuma ita ta goya shi bayan rasuwar uwar, a Tsibiri, kafin aure ya kai ta Jiratawa. Ta haura sittin. Ita ce shugabar mata arba'in da biyu masu lambun zogale, kuma duk rani da guga suke ja daga rijiya mai zurfin gaba goma da ɗoriya, tun sassafe har rana ta take. Tafin hannunta ya yi kanta, kafaɗarta ta dama kuwa ta daina ɗaguwa sama da kunne. Wata ƙungiyar taimako ta ce za ta ba da famfo mai aiki da hasken rana, guda ɗaya tak a wannan zagayen. Ranar Alhamis kowace ƙungiyar manoma za ta zo wani zauren taro a unguwar Zariya ta nuna wa alƙalai hotunan lambunta, da takardar fili, da awon rijiya. An kuma ce ba a karɓar takarda a hannu, sai a kile, wannan ɗan ƙarfen da ake sokawa a kwamfuta.

"Ɗan nan," ta ce, "an ce kai ka san kan abin nan. Mu dai hannuwanmu sun gaji. In munka samu hwamhwon nan, ko gobe Allah Ya ɗau raina na bar ma ɗiyan mutane abin kirki."

Alhaji ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu.

"Inna, kin zo inda ake zuwa. Ki ɗauka hwamhwo ya riga ya shiga rijiya."

Gaskiya kuma ya yi aikin, kada a zalunce shi. Talata ya hau kabu-kabu har Jiratawa da babbar riga, ya ɗauki hoton rijiya, da fangalai, da hannuwan matan. Ya dawo ya zuba komai a kwamfuta, kowane hoto ya sha sunansa. Laraba da la'asar ya soka kile, ya jawo dosiyen Inna zai zuba a ciki. Kwamfutar da ba ta taɓa yi masa gardama ba ta fito da wani ɗan allo, ta ce hanyar ta yi tsawo, ba za ta iya kwashewa ba.

Ya sake. Ta sake faɗa. Ya zare waya ya mayar, aikin da ya ba shi Dokta, ta farfaɗo ta maimaita maganarta. Abin da ke faruwa ba wani asiri ba ne. Irin kwamfutarsa, mai aiki da Windos, tana da iyakar haruffan da take iya bi daga zauren farko zuwa hoto in za ta kwashe shi, wajen ɗari biyu da sittin, sunayen Alhaji kuwa sun cinye su sun nemi ƙari. Amma a fadarmu wa zai gaya masa? Mu a lokacin musu muke kan ko shayi na uku ya fi na biyu.

Can sai muka ji ya ce, "Wala! Ga shi nan!" Ya leƙo da fara'a. Ya gano wata dabara, wai ita rakursi. Ya sa kwamfuta ta yi wa dosiyen wani ɗan hoto mai kibiya a gindi, shi kuwa nan take ya shige kile ba musu. Ya danna shi sau biyu, ga rijiya, ga zogale, ga hannun Inna, duk sun bayyana. Ya kira mu shaida, muka shiga muka gani da idonmu.

"Dubi nan," ya ce. "Hoto tamanin da takardu shidda, na matse su sun koma ƙasa da ƙwayar gero. Turawan da sunka ƙera abin ma ba su san ana haka ba."

Muka ce lallai a duba ko akwai sunan da ya fi Injiniya. Ba wanda ya tambaya me ya sa abin da ya ƙi shiga ɗazu ya shiga yanzu cikin ƙiftawar ido. Kallon kitse muka yi wa rogo, mu da shi baki ɗaya.

Alhamis ya shiga zauren taro da shadda ruwan ƙwai, an yi mata guga har tana ƙara. Matan Jiratawa sun cika benci uku, sun yi anko, Inna na gaba. A ɗaya gefen ga matan Tsibiri masu albasa, da magatakardansu Chaibu, wani siririn mutum mai biro a aljihu. Alƙalai uku na kan tebur. A gefensu wata mata mai suna Mansura, ma'aikaciyar ƙungiyar taimakon, tana zaune da 'yar kwamfutarta da aka haɗa da majigi, duk abin da ta buɗe sai ya fito ƙato a bango. An sanar tun farko cewa sha biyu da rabi za a rufe, don alƙalan za su kama hanyar Yamai.

Da aka kira Jiratawa, ƙarfe goma da rabi, Alhaji ya miƙe. Minti goma sha biyar aka ba kowace ƙungiya. Ya kashe bakwai yana gabatar da kansa.

"Jama'a," ya ƙarasa, "ni da kuke gani, da ministoci ya kamata in zauna yau. Amma na ce a'a, talakawa ma mutane ne. Ɗiyata, amshi kile. Ki yi a hankali, abin da ke ciki ya hi ƙarhin ƙaramar na'ura."

Mansura ta karɓa da hannu biyu ta soka. Ta danna. Bango ya tsaya fari. Ta sake dannawa, ba rijiya ba zogale.

"Dubul-kilik za ki yi," in ji Alhaji, yana murmushi wa alƙalai. "Yaran yanzu sai haƙuri."

"Na yi, Alhaji. Bari in sa ta nemo duk wani hoto da ke cikin kilen, ko mi sunanshi."

Ta rubuta alamar tauraro, wadda ke nufin kowane suna, ta bi ta da alamar hoto. Kwamfuta ta lalube kilen kaf ta fito da abu ɗaya. Sai ga Alhaji a bango, tsawon mutum biyu, ya dafa haɓa da hannu, agogo na walƙiya. Hoton da yake sawa a kowane kile ne don albarka. Wata daga bencin Tsibiri ta ce, "Masha Allah, zogalen Jiratawa ya yi ƙiba bana." Zauren ya ɗauki dariya, har alƙali ɗaya ya sunkuyar da kai yana gyaran takarda.

Amma bakin Alhaji bai mutu ba.

"Na'urarki ce ba ta da ilimi. Jiya gaban shaidu goma ya buɗe."

"A taka na'urar zai buɗe, Alhaji," Mansura ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Rakursi ba kaya ba ne, kwatance ne. Kayan na can shagonka ba su motsa ba. Ka ba ni takarda mai cewa a shiga zaure na hwarko, a bi na biyu, a yi dama. A gidanka kwatancen daidai yake. To nan ba gidanka ba ne. Tawa Linuks take aiki da shi, ko ƙohwar da kuke ce ma C babu ta a nan, sandar da ke raba sunayen ma ba gefe ɗaya take jingina da taku ba. Ko da irin taka ce, ba za ta ga abin da ba a kawo ba. Bari ka gani."

Da ya san abin da za ta nuna, da ya faɗa kan majigin da shaddarsa. Ta buɗe cikin rakursin, kwatancen ya fito a bango, layi uku, baƙi a kan fari:

C:\Ofishin Alhaji Dokta Injiniya Maman Lawali Darakta Janar\Ƙwararren Ƙasa da Ƙasa kuma Shugaba Mai Kafawa\Sirri ne kada kowa ya taɓa\Ayyukan Darakta Janar na bana\Ƙananan ayyuka\Na ƙauyawa\Dangi masu son banza\Inna Balki da zogalenta

Masu boko suka juya suna kallon bencin Jiratawa. Mansura kanta sai da ta kai ƙarshen layin sannan ta gane abin da ta haska, ta kai hannu za ta rufe. Inna Balki ta riga ta.

"Bar shi, ɗiyata. Na ga kamar an ambace ni, kowa ni yake kallo. Ɗan nan, karanta mani, ka san ban yi lakwal ba."

Ya karanta. Layin farko da murya irin ta mai shela. Layi na biyu murya ta fara sirancewa. Da ya kai "Ƙananan ayyuka" sai tari ya sarƙe shi, ya nemi ruwa. Chaibu na Tsibiri, mutum mai son taimako, ya miƙe ya ƙarasa masa, a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta, har ya maimaita sunan zaure na kusa da ƙarshe don na baya su ji.

Inna ta gyara lulluɓinta da hannun hagu, don na dama ba ya kaiwa. Maman Lawali ya bi hannun da kallo. Ya tuna ranar da ya raɗa wa dosiyen wannan suna, yana dariya shi kaɗai, yana ganin ba mai shiga zaure na bakwai sai shi.

Shugaban alƙalai ya duba agogo ya ce saura awa ɗaya da rabi da 'yan kai, in an kawo kayan kafin a rufe za a saurare su. Mansura ta raka Alhaji bakin ƙofa ta yi ƙasa da murya.

"Abin ba wuya, Alhaji. Sunayen ne sunka yi yawa. Ka goge na manyan dosiyen nan na sama, ka sa ko harahi ɗaya ne. Minti biyu ya isa, sai komi ya kwashe."

Kabu-kabu ya sauke shi Sabon Gari sha ɗaya da 'yan mintoci. Lokaci na nan, har da na shan ruwa. Muka bi shi cikin shago muka yi masa rumfa, ya faɗa mana abin da aka ce ya yi, amma bai faɗa mana abin da aka karanta ba. Ya zauna, ya kama ɓera, ya kai kibiya kan babban dosiyen sama mai ɗauke da sunansa. Hannun ya tsaya. Sai ya gangara can ƙasa ya fara da na mutane.

"Masu son banza" ya fara gogewa, da sauri, yana kare allon da kafaɗa. Ya gwada, ta ce hanya ta yi tsawo. Ya cire "da zogalenta." Ya mayar da Inna Balki "IB." Ya mayar da ƙauyawa "ƙ." Ta ce har yanzu. Ya cinye sunan kowa ya ƙare, saura nasa, kuma a nan ne muka ba da tamu gudummawar, wadda ba za mu taɓa wanke kanmu daga ita ba.

"Kada ka taɓa Dokta," in ji ɗayanmu. "Ni na hwara hwaɗinta."

"To a cire Injiniya."

"Injiniyar da munka ci tsire a kanta? Ku ji tsoron Allah. A cire Shugaba Mai Kahwawa, ita ce ba ta da shaidu."

"In an cire ta, wa ya kahwa kamhwanin ke nan? Mai katihwa?"

Haka muka zauna muna tantancewa kamar masu zaɓen ragon layya a garke. Wani ya kawo shawarar a taƙaita Dokta ta koma harafi biyu. Alhaji ya yi, ya gwada, ta ƙi. Aka taƙaita Injiniya, ta ƙi. Ya cire "kuma," ya cire "na bana," ya cire har tazarar da ke tsakanin kalmomi, sunayen suka manne da juna. Kowane gwaji sai kwamfutar ta yi dogon nazari kafin ta ce a'a. Aka sake ɗora buta, don ba a yanke babbar shawara da busasshen maƙogwaro. Wani ma cewa ya yi matar nan hassada ce ke damunta, so take ta ga an tuɓe wa babban mutum rawani a gaban jama'a, muka ce lallai akwai ƙamshin gaskiya a nan.

Shi dai yana zaune yana kallon sunan nan da ya gina shekara goma sha ɗaya, harafi bisa harafi. A ransa ya san matar ta faɗi gaskiya. Ya kuma san ba kwamfuta ce ke buƙatar sunayen ba. Abin ya ba shi haushi, ya ba shi kunya, har ya so ya ba shi dariya, ƙato da gemu yana ciniki da na'ura a kan kalmar Janar. Amma duk sanda yatsa ya kai kan maɓallin gogewa, sai ya ce bari a gwada wata dabarar tukuna.

Mai gyaran fanka ne ya leƙo yana tambaya ko agogon bangon nan daidai yake. Sha biyu da minti ashirin da biyar.

Maman Lawali ya daka mana tsawar da bai taɓa yi ba, ya ce mu fita. Ya shafe sunan dosiyen sama gaba ɗaya ya rubuta "a." Na biyu ya rubuta "b." Ya jawo kayan Inna ya saki a kile. Hoto tamanin da takardu shida suka kwarara kamar an buɗe bakin buhu, kafin ya gyara hula sun gama. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Ya isa Zariya ɗaya saura kwata, shadda ta jiƙe ta manne a baya. Ana ta jera kujeru a kan juna. Motar alƙalai ta tashi. A bakin ƙofa matan Tsibiri na guɗa, Chaibu na riƙe da wata takarda mai hatimi sama da kansa kada a murƙushe ta. Mansura na naɗe wayar majigi, ta gan shi da kile a hannu, ta ce ta roƙa a ƙara minti goma, an kuma ƙara. Ta ce wataƙila baɗi a sake wani zagayen, amma ba ta yi alkawari ba.

Matan Jiratawa na zaune a inuwar dogon yaro suna jiran mota, sun cire kallabin anko wasu sun ninke. Ba wadda ta zage shi, ya kuwa so a ce sun zaga. Ya durƙusa gaban Inna, abin da rabonsa da yi tun kafin ya zama Dokta.

"Inna, ga shi ya kwashe. Duka yana ciki. Wallahi yanzu ko ina anka soka shi zai buɗe."

Ta dubi ɗan ƙarfen a tafin hannunsa.

"Yana jan ruwa?"

"A'a, Inna."

"To riƙe abinka." Ta yunƙura ta miƙe, wata ta tallafa mata. "Ban yi hushi ba. Na goya ka ban ƙirga ba, ashe son banza ne ban sani ba. Tun da halinmu ne, ba mu dainawa yau. Asabar ka zo da sassahe. Ka bar babbar rigar gida."

Ranar Asabar shagon bai buɗe ba, intanet ma a kashe, muka wuni muna kallon wayoyinmu kamar marayu. Da yamma wani mai kai zogale kasuwa ya kawo mana labari, muka saurara ba mai kallon idon wani, don kowa ya san kason da ya ɗauka a cikin awar nan da ta salwanta.

Ya ce tun rana ba ta yi zafi ba ya ga Darakta Janar a bakin rijiya da singileti da wando a naɗe, mata arba'in da biyu sun ja gefe sun ba shi fili. Ya zura guga, ya ja, ya ja, igiya ta ci masa hannu, ya tsaya ya huta sau biyu kafin gugan ya leƙo. Ya juye a bokiti, ya ɗauka yana tangaɗi, ruwa na zuba a ƙafarsa, har ya kai fangalin farko da abin da bai fi rabi ba. Ya zuba a gindin zogale, ya miƙe yana haki, ya waiwaya yana jiran a ce wani abu.

Inna Balki na zaune a kan kujerar tsugunno, ta leƙa fangalin ta ga inda ƙasa ta jiƙe.

"To, wanga dai ya iso," ta ce. "Saura ɗari biyu."